KWALEJIN BAREWA: ABIN DA JERIN SUNAYEN MANYA BAI FAƊA MANA BA

'Yan uwana ɗaliban Arewa da ke karatu a nan Kudu, na Ibadan da Legas da Ife da Nsukka da Fatakwal da sauran wurare. Rubutun nan yana da ɗan tsawo, don haka wanda yake cikin lakca ya adana shi sai ya fito.

Akwai wani jerin sunaye da ke yawo a Facebook da WhatsApp kusan duk shekara. Mutum biyar cikin waɗanda suka riƙe gwamnatin Nijeriya makaranta ɗaya suka yi: Abubakar Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. A ƙara da Sardauna Ahmadu Bello, da Sa Kashim Ibrahim, da Malam Aminu Kano, da Sarakunan Musulmi biyu, Ibrahim Dasuƙi da Sa'ad Abubakar, da manyan alƙalan ƙasa irin su Muhammadu Lawal Uwais da Idris Legbo Kutigi. Makarantar ita ce Kwalejin Barewa da ke Zariya. Sai a tura, a yi ta "Masha Allah" a ƙasa, gobe a manta.

Ni abin da ya dame ni da jerin nan shi ne ba ya gaya mana komai game da makarantar kanta. Me yaran nan suke yi daga asuba zuwa dare? Wa ya zaɓo su? Don me aka gina wurin tun farko? Su wa aka bari a waje? Kuma me ya sa yau ba mu da irinta? Ga abin da tarihi ya nuna, daki-daki.

YADDA AKA FARO

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba. Saboda haka aka taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. A Kudu kuwa mishan ne suka kawo boko, har sun buɗe makarantar sakandare ta CMS a Legas tun 1859. To mu a Arewa sai nauyin boko ya faɗa kan gwamnati da En'e, su kuma ba sa gaggawa, ba sa son kashe kuɗi. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909. Daga nan aka soma buɗe makarantun larduna.

Matsalar da ta taso ita ce malamai. Turawa ba su da yawa, kuma suna da tsada. Ɗauko malamai daga Legas ko Saliyo kuwa jami'an mulkin mallaka ba sa so, don suna ganin za su shigo da jaridu da siyasa da gardama. Mafitar da suka gani ita ce su horar da 'ya'yan Musulmin Arewa su zama malaman makarantun Arewa. Haka aka kafa Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya zo ya buɗe ta a watan Maris na 1922.

Ku lissafa da kanku: daga 1859 zuwa 1921 shekara 62 ke nan. Duk wanda ya taɓa zama a aji a nan Kudu ya ji abokin karatunsa yana cewa kakan kakansa lauya ne, to ga inda tazarar ta samo asali.

Me ya sa Katsina? Dalili biyu aka bayar a fili. Na ɗaya, gari ne mai tsohon suna a ilimi, garin Gobarau da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga kuma Sarki Muhammadu Dikko wanda ya karɓi abin hannu biyu. Na biyu, Katsina ba ta kan hanyar jirgin ƙasa. Wato ana so yara su yi nesa da baƙi da labaran duniya. Wannan dalili na biyu ku riƙe shi, za mu ga yadda ya ƙare.

Ginin na ƙasa ne, tubali da azara, irin ginin gargajiyarmu. Har yau yana tsaye a Katsina, an mai da shi gidan tarihi. Wanda ya je hutu ta can, don Allah ya leƙa. Gani ya kori ji.

RAYUWA A CIKIN KWALEJI

Ba kowa ke shiga ba. Daga kowace makarantar lardi ake tsamo 'yan ƙalilan waɗanda suka fi ƙoƙari. Kowane ɗalibi ana ba shi lamba ranar da ya shiga, kuma lambar ba ta komawa ɗaya a sabuwar shekara, ci gaba take yi. Tsofaffin ɗaliban Barewa har gobe da lambar nan suke gane juna, da ita ake sanin wane ne yaya wane ne ƙane. Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, lambarsa 145. Kun ga ke nan a shekara bakwai ɗaliban da aka ɗauka duka-duka ba su wuce misalin ashirin a shekara ba, a yankin da ya fi rabin faɗin Nijeriya. Gowon da ya shiga a farkon shekarun 1950 lambarsa 783. Wato shekara talatin ana karatu ba a kai mutum 800 ba. Wallahi yau wani sashe ɗaya a jami'a ya fi haka ɗalibai.

Zuwa makarantar ma kansa aiki ne. Ahmadu Bello da ya shiga a 1926, da ƙafa suke tasowa daga Sakkwato zuwa Katsina, tafiyar kwanaki. Ka yi tunanin na Barno da na Ilori da na Adamawa. Yaro in ya iso, ya san ba zancen komawa gida ƙarshen mako. Makarantar ita ce gidansa, ɗaliban su ne danginsa.

A nan ne abin da nake ganin ya fi komai muhimmanci ya faru. Kafin wannan lokaci, da wuya ɗan Barno da ɗan Sakkwato su zauna wuri ɗaya shekara biyar. Kakanninsu ma yaƙi suka yi da juna. Amma ga Kashim Ibrahim, Babarbare, ga Aliyu Makaman Bida, Banufe, ga Ahmadu Bello daga zuriyar Shehu, ga Yahaya na Ilori, ga Sulaimanu Barau na Abuja ta asali wadda ake kira Suleja yau, ga Isa Kaita da Musa 'Yar'aduwa na Katsina, ga Abubakar daga ƙasar Bauci. Rijiya ɗaya, masallaci ɗaya, filin wasa ɗaya. Kalmar "ɗan Arewa" da muke amfani da ita yau kamar tun fil azal take, wani babban ɓangarenta a irin waɗannan ɗakunan kwana aka ƙera shi.

An kasa ɗalibai gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikin manyan ɗalibai, shi ke kula da tsafta da horo da tashi kan lokaci. Yaro ɗan shekara goma sha tara ana damƙa masa ragamar mutane, ya koyi yanke hukunci, ya koyi jure ƙorafi. Daga baya a Zariya gidajen suka ɗauki sunayen mutanen da suka taka rawa a tarihin ilimin Arewa: akwai gidan Ɗan Hausa, da Clifford, da Lugard, da Malam Smith, da Mort, akwai kuma Bello Kagara, da Nagwamatse, da Ja'afaru, da Sulaimanu Barau. Sunayen kaɗai sun isa su nuna maka makarantar gauraye ce tsakanin Bature da malamin gida.

A aji ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ga Arabiyya da addini a hannun malamai irin su Malam Bello Kagara. Abin da aka fi matsa wa shi ne furucin Turanci. Ana sa yaro ya maimaita kalma har sai ta fita yadda Baturen Ingila ke faɗarta. Shi ya sa in ka saurari tsofaffin jawaban Tafawa Ɓalewa, kamar wanda ya yi ranar samun 'yancin kai a 1960, za ka ji dalilin da ya sa ake masa kirari da mai muryar zinare. Ba a Landan ya fara koyon wannan ba, sai a 1945 ya je can karatu. A ɗakin ƙasa ya koya a Katsina.

Da yamma sai wasanni, kuma dole ne: kurket, hoki, ƙwallon ƙafa, da wani wasan buga ƙaramar ƙwallo a bango da tafin hannu wanda Turawa ke kira fayifs. Asalinsa daga makarantar Eton ta 'ya'yan manyan Ingila ne, wani malami Bature mai suna Hogben ya kawo shi Arewa. Ahmadu Bello ya ƙware a wasan nan har ya zama kyaftin, kuma bai daina buga shi ba har yana Firimiya. Abin mamaki, har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kabi.

Taken makarantar karin magana ne na Larabci: man jadda wajada, wanda ya dage zai samu. Tambarinta kuwa barewa ce, daga nan sunan na yanzu ya fito.

ABIN DA ƊALIBAN SUKA YI TUN KAFIN SIYASA

Mu yawanci da mulki muke auna nasarar makarantar nan. Amma nasararta ta farko a alli da alƙalami take.

A 1933 Rupert East na Hukumar Talifi da ke Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Littattafai biyar aka buga daga wannan yunƙuri, uku daga cikinsu na mutanen Kwalejin Katsina ne: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda bai daɗe da gamawa ba yana koyarwa a Midil ta Katsina, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na malaminsu Bello Kagara. Imam a lokacin shekarunsa 22 kacal, an haife shi a 1911. Ƙasa da shekarun yawancinmu da ke karanta wannan rubutu. Bayan haka ya rubuta Magana Jari Ce, sannan da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 ya zama editanta na Hausa. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya ci daga tukunyar nan.

Sa'adu Zungur ya bar Katsina ya shiga Babbar Kwalejin Yaba a Legas a 1934, shi ne ɗan Arewa na farko da ya shiga can. In ana maganar ɗaliban Arewa a Kudu, to shi ne kakanmu. Ya zo Legas lokacin da babu ƙungiyar ɗaliban jiha, babu waya, babu wanda zai tare shi a tasha.

Sauran kuwa aji suka koma, don dama abin da aka horar da su ke nan. Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato daga 1931 zuwa 1934 kafin a naɗa shi hakimin Rabah. Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama hedimasta. Kashim Ibrahim ya koyar a Barno. Shagari da ya gama ya koma Sakkwato yana koyar da kimiyya. Da yawa daga cikin manyan nan da ake jerawa, malaman makaranta ne kafin su zama komai. A zamaninsu wanda ya fi kowa ƙoƙari a aji shi ake mayarwa aji ya koyar. Yau kuwa mun san wanda ake turawa kwalejin ilimi: wanda bai samu makin shiga jami'a ba.

DAGA KATSINA ZUWA KADUNA, DAGA KADUNA ZUWA ZARIYA

A 1938 aka ɗauke makarantar zuwa Kaduna, ta zama Kwalejin Kaduna. Kun tuna an kai ta Katsina ne don ta yi nesa da jirgin ƙasa? To ga ta yanzu a mahaɗar jirgin ƙasa, hedikwatar gwamnatin Arewa, cikin ma'aikata 'yan Kudu da jaridun Legas. A wannan zamani Aminu Kano ya yi karatunsa, ya gama a 1942, kuma tun yana ɗalibi yake rubuta gajerun wasannin kwaikwayo masu sukar zalunci da cuta. Shagari ya shiga a 1941 ya fita a 1944.

Tsofaffin ɗalibai suka kafa ƙungiyarsu a 1939. A ido taron zumunci ne, amma shi ne karo na farko da 'yan bokon Arewa daga larduna daban-daban suka sami inuwar da za su zauna su tattauna halin da yankinsu ke ciki. Daga nan abubuwa suka bi juna. Aminu Kano ya je koyarwa Bauci ya tarar da Tafawa Ɓalewa da Sa'adu Zungur, aka yi ta zaman muhawara a farkon shekarun 1940 har abin ya fara damun hukuma. A 1948 Aminu ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. Jam'iyyar Mutanen Arewa ta yi babban taronta a Kaduna a 1949, ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. NEPU kuma aka kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A wannan shekarar ce Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Arewa ya kawo ƙudurin a yi wa tsarin En'e garambawul, a gaban Turawa da sarakuna.

Makarantar da aka gina don ta fitar da malamai masu ladabi da biyayya, ita ta fitar da shugaban gwamnati da kuma shugaban adawa. Sardauna da Aminu Kano ba su jitu a siyasa ba, magoya bayan NEPU sun sha ɗauri da bulala a hannun En'e, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Amma dukansu daga tushe ɗaya suka koyi tsayawa gaban jama'a su kafa hujja.

A 1949 aka sake ƙaura zuwa Zariya, wurin da take har yau a hanyar Gaskiya. An san ta da Kwalejin Gwamnati ta Zariya, sai a 1971 aka sa mata suna Barewa. A wannan zamani ta zama cikakkiyar sakandare, ƙofarta kuma ta ƙara buɗewa. Yakubu Gowon, Kirista ɗan ƙabilar Angas wanda ya tashi a Wusasa, a nan ya zama mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallo ta makaranta, ya yi suna a gudu da dambe. Sunday Awoniyi daga Mopa ta ƙasar Kabba shi ma a nan ya yi, mutumin da daga baya ya yi aiki kusa da Sardauna, ya kuma shugabanci ƙungiyar tuntuɓa ta Arewa. Murtala ya shiga a 1952, ya tafi soja a 1958. Kafin su akwai Zakariya Maimalari, ɗaya daga cikin 'yan Nijeriya na farko da suka yi makarantar hafsoshi ta Sandhurst, sai kuma Hassan Usman Katsina.

Mu da ke Kudu, ga namu rabon a tarihin. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, 'yan Arewan da suka iya tsallakowa tsiraru ne, da yawansu kuma ta wannan makaranta suka biyo. Umaru Shehu ya fara karatun likita a Ibadan, daga baya ya zama shugaban Jami'ar Nsukka a 1978. Ɗan Barno yana shugabancin jami'a a ƙasar Ibo, shekara takwas bayan yaƙin basasa. Iya Abubakar ya fita da daraja ta ɗaya a lissafi a Ibadan, ya yi digirin digirgir a Kambirij, ya zama farfesa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975. Adamu Ciroma tarihi ya karanta a Ibadan, ya zama editan New Nigerian, ya zama gwamnan Babban Banki a 1975. Jibril Aminu ya gama likitanci a Ibadan a 1965 da sakamakon da har yau ake labari. Idan wani ya kalle ka a aji yana tunanin alfarmar kaso ce ta kawo ka, ba sai ka yi faɗa ba. Ka san dai cewa wasu sun riga ka zama a kujerar nan, kuma su suka zo na ɗaya.

INDA LABARIN BA SHI DA DAƊI

Waiwaye adon tafiya ne, amma in za a waiwaya a kalli duka.

Na farko, makarantar ta maza ce zalla. Sakandaren gwamnati ta 'yan mata ta farko a Jihar Arewa, wato makarantar Sarauniya Elizabeth da ke Ilori, sai a 1956 aka buɗe ta, shekara 35 bayan Katsina. Jerin sunayen nan da muke alfahari da shi babu mace ko ɗaya a ciki, kuma ba don babu masu basira ba.

Na biyu, ƙarancin adadin da ya sa karatun ya yi inganci shi ne kuma ya bar miliyoyin yara a waje. An fi ɗaukar 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e, ko da yake akwai irin su Tafawa Ɓalewa da Gowon waɗanda ba daga gidan sarauta suka fito ba. Kuma shekaru da dama manufar ita ce a fitar da malamai da ma'aikatan En'e, babu shirin kai su jami'a. Shi ya sa lokacin da 'yancin kai ya matso, Arewa ta sami kanta da ƙarancin likitoci da injiniyoyi da lauyoyi, har gwamnatin Sardauna ta shiga shirin mayar da aikin gwamnati hannun 'yan Arewa cikin gaggawa.

Na uku, zama ɗaki ɗaya bai hana abin da zai faru faruwa ba. A juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 makarantar ta rasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Maimalari. A watan Yulin 1975 kuma aka hamɓarar da Gowon, wanda ya hau kujerar ƙanensa ne a makaranta, Murtala. Wata bakwai ba su cika ba aka kashe Murtala, ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Kuma zumuncin tsofaffin ɗalibai da ya taimaka wajen haɗa kan Arewa, shi ne dai wasu ke ƙorafin ya koma hanyar raba muƙamai tsakanin waɗanda suka san juna. Wanda ya yi makarantar ƙauye yana da haƙƙin ya yi wannan ƙorafi.

INA AKA KWANA YAU?

Da aka raba ƙasa jihohi 12 a 1967, Arewa ta zama shida, yau kuma 19. Barewa ta ƙare a hannun gwamnatin jihar Kaduna. Makarantar da aka gina don dukan yanki ta koma nauyin jiha ɗaya. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kawo yara masu yawa, abu mai kyau, amma ba a gina ajujuwa da horar da malamai daidai da yawansu ba. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya zo ya ƙarasa. Sannu a hankali masu hali suka kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi. Daga ranar da ɗan kwamishina ya daina cin wake da garin makarantar gwamnati, daga ranar babu mai bin kadin abin da ake dafawa.

Sai kuma babbar musiba. Cibok a 2014, Dapci a 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021. A wannan wata na Fabrairun 2021, shekarar da Barewa ta cika 100, 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati da ke Kagara a jihar Neja suka kwashi ɗalibai da malamai. Kagara fa, garin Abubakar Imam da Malam Bello Kagara. Shekara ɗari da suka wuce yaro yana tafiyar kwanaki a ƙafa zuwa makarantar kwana ya isa lafiya. Bayan waɗannan hare-hare jihohi da dama suka rufe makarantun kwana na karkara, iyaye kuma ba za ka ga laifinsu ba in sun ƙi tura 'ya'yansu.

Abin da muke asara ya wuce gini. Makarantar kwana ta gwamnati ita ce wuri ɗaya da ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Batibi da Bajju, suke kwana ɗaki ɗaya tun suna shekara goma sha biyu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gowon, wanda ya san wannan rayuwa da kansa, a zamaninsa aka kafa hidimar ƙasa a 1973 aka kuma faɗaɗa makarantun haɗin kai na tarayya. Ƙannenmu da yawa yanzu za su gama sakandare ba su taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba addininsu ko yarensu ɗaya ba, sai dai su haɗu da shi a intanet ana zage-zage.

TO MU FA?

Mu da Allah ya kawo Kudu muna da wata dama irin ta mutanen Katsina na farko. Mun yi nisa da gida, ba mu da yawa, muna buƙatar juna. Amma ku duba yadda muke: kowace jiha da ƙungiyarta, wani wurin har ƙaramar hukuma. Ɗan Filato da ɗan Binuwai da ɗan Kogi sau da yawa ba a ma kiransu taron "'yan Arewa". Lokacin zaɓen shugabanni kuwa kun san yadda ake yi. Tsintsiya in aka kwance maɗaurinta, ko ɗaki ɗaya ba ta sharewa.

Ga abubuwa huɗu da ba sa buƙatar gwamna ko sanata. Ɗaya, duk wanda ya je hutu ya ware mako biyu ya koma tsohuwar sakandarensa ya koyar da lissafi ko Turanci ko kimiyya ga 'yan ajin ƙarshe. Sardauna ma alli ya fara riƙewa. Biyu, kowace ƙungiya ta ɗauki nauyin fom ɗin JAMB na yara ko da biyar ne a shekara, rabinsu mata, kuma a nuna musu cewa jami'o'in Kudu ma nasu ne. Uku, a farfaɗo da zaman muhawara ko sau ɗaya a wata, a zaɓi batu, a karanta, a zo da hujja, kamar yadda aka yi a Bauci. Huɗu, a buɗe ƙofar taronmu ga duk wanda ya fito daga jihohin nan 19, ko a masallaci yake ibada ko a coci.

Waɗanda suka yi Barewa a cikinmu, da na Keffi da Rumfa da Kwalejin Gwamnati ta Katsina da Bida da Maiduguri, da 'yan uwa mata na Dala da Ilori da Sarauniya Amina, ku rubuto mana yadda kuka sami makarantunku da yadda kuka bar su: ɗaki mutum nawa, malamai nawa, wa ya koya muku abin da har yau kuke amfani da shi. In mun tara, za mu san inda za mu fara.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kuɓutar da yaran da ke hannun miyagu, ya ba mu sa'ar karatu, ya mai da mu gida lafiya. Amin.